Ɗalibin da Aka Nuna Mini Kabarinsa

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun da na yi ina koyarwa, har da fuskokin mutanen da muka ci abinci a kwano ɗaya. Amma akwai wata Asabar a cikin bazara wadda ba na jin za ta bar ni har in koma ga Allah. Ita ce ranar da wani tsoho ya kai ni maƙabarta, ya nuna mini kabarin ɗalibin da muka rabu da shi lafiya lau 'yan kwanaki kafin nan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu daga cikin mutanen suna raye, kuma ko yanzu ban tabbata ina da ikon ba da labarin ba. Zan dai faɗe shi yadda na gan shi, inda ban sani ba in ce ban sani ba.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne. Bautar ƙasa ce ta kai ni wata sakandaren kwana ta maza a yankin Boɗinga, da na gama aka riƙe ni. Abin ya faru ne a shekarar ƙarshe ta mulkin farar hula na biyu, lokacin da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Albashi ba ya zuwa kan kari, sabulu da madara sai an bi layi, miyar ɗalibai kuwa kullum ƙara tsinkewa take yi. Saboda na ɗan karanci halayyar yara a jami'a, shugaban makaranta ya ɗora mini aikin ba ɗalibai shawara kan karatun gaba, ya ba ni wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye tsintsiya da fatanya a ciki. Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure. Ko takardar sanarwa ce sai na karanta ta na sake karantawa, in kwana ina tunanin ko akwai layin da na tsallake.

Aikina shi ne in kira 'yan aji biyar ɗaya bayan ɗaya, in ji abin da kowa yake so ya karanta, in duba ko darussan da ya ɗauka za su kai shi can, sannan mu cika fom ɗin makarantar share fagen shiga jami'a. A shekarar nan na fi matsa musu, domin jita-jita ta yi yawa cewa za a yanke sikolashif, a kuma daina ciyar da ɗalibai kyauta. Ɗan talakan da bai shiga a bana ba, wataƙila ƙofar ba za ta sake buɗe masa ba. Haka nake gaya musu, haka kuma na yi imani.

A cikinsu akwai wani yaro dogo siriri, daga wani ƙauye da ke bayan Mandera a ƙasar Shagari. Shi ne na ɗaya a lissafi da kimiyya tun yana aji ɗaya, kuma duk malamai sun gama yanke cewa likita za a yi. Ba shi da fitina. Abu ɗaya kawai na lura da shi: in an kira sunansa ba ya amsawa nan take. Sai ya ɗan yi jim, wani lokaci har ya waiga gefensa, kamar yana ba wani dama ya fara amsawa. 'Yan ajinsu suna tsokanarsa da kurma. Ni na ɗauka natsuwa ce.

Ranar da layi ya zo kansa ya shigo ya durƙusa, na ce ya hau benci.

"Me kake so ka karanta?"

"Duk abin da anka ce, Malam."

"Ba a cewa. Kai ne za ka ce."

Ya sunkuyar da kai. Na yi masa dogon bayani a kan likitanci, shekarun da ake yi, da darussan da ake so ya ci da kyau, na ba shi fom na ce ya je ya yi tunani. Bayan kwana biyu ya dawo mini da shi a naɗe cikin takardar burodi don kada ya yi datti. Ko ɗigo bai sa ba.

"Ba ni iya cikawa, Malam."

"Babanka ne ya hana?"

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa na riga na ga irin wannan, uban da yake son ɗansa ya dawo gona da zarar ya iya karanta rasit. Na ɗauki shirunsa a matsayin amsa. Hutu ya zo a makon, yara suka watse, kuma za a rufe karɓar fom jim kaɗan bayan an dawo. Na yi ta juya abin a raina, in je ko kada in je, ko zuwan nawa zai zama shisshigi. Daga ƙarshe na sami man babur da ƙyar, na kama hanyar Shagari.

Na bar kwalta na bi turɓaya, ina tambaya ina ɓata, ban isa ƙauyen ba sai da rana ta take tsaka. Ban taɓa shiga gari mai shiru irin wannan ba. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, maza sun tafi cin rani, waɗanda suka rage suna fadama wajen albasa. Babu kukan akuya, babu yaro ko ɗaya a waje. Daga wani gida can nesa ana daka, da na kashe babur sai dakan ma ya tsaya. Mutum ɗaya na gani, wani tsoho a gindin tsamiya yana tufka igiya.

Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen can. Sannan na faɗi sunan yaron da na ubansa, na ce ni malaminsa ne, na zo in gan shi.

Tsohon ya ajiye igiyar ya daɗe yana kallona.

"Kai malaminai na?"

"Eh, Baba."

"Allah sarki. Daga nesa kat taho?"

"Daga Boɗinga."

"Allah shi ba ka ladan zumunci. Taho in kai ka."

Ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, ni ina biye. Muka wuce gidaje, muka wuce rumbuna, muka wuce wata rijiya da aka rufe bakinta da itace. Da na ga mun fita bayan gari sai na ce a raina fadama za mu, yaron yana wurin aiki. Ba abin da ake ji sai ƙarar sandar tsohon a kan busasshiyar ƙasa. Muka iso wani fili da aka kewaye da ƙaya. Ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama irin wadda ake yi wa waɗanda ba sa amsawa. A nan ne na gane inda muke. Ƙafafuna suka ci gaba da binsa, amma ba da shawarata ba.

Ya tsaya a kan wani kabari da ya riga ya lotsa, ƙasarsa ta kusa daidaita da ta fili, sai 'yan fasassun tukwane da suka nuna inda kai yake.

"Ga shi nan. Sanƙarau yad ɗauke shi, bazarar da yag gama firamare. Yaro mai kai. Kwana biyu yay yi kwance."

Zafin ranar nan ya isa ya dafa ƙwai, amma gumin da ke bayana ya koma sanyi ƙalau. Na sake faɗin sunan a hankali, da sunan uban, har da unguwarsu, ko an yi kuskure. Tsohon ya ce ba kuskure, mai wannan suna ɗaya ne a garin, kuma da hannunsa ya taya saka shi a nan.

"Baba," na ce, "makon jiya muna tare da shi. Ya zauna a ofishina. Ya ba ni takarda da hannunsa."

Tsohon ya ja da baya taku ɗaya, ya ja wani. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi fuskata, leɓɓansa suka fara motsi da addu'a. Sai daga baya na fahimci cewa yadda nake tsoron wurin, haka shi ma yake tsorona. Baƙo ne ya ɓullo da tsakar rana, ba wanda ya ga zuwansa, yana cewa ya zauna da mamaci. Muka tsaya a haka, kabari a tsakaninmu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ɓace.

Ban san abin da ya sa na ɗaga kai ba. Can bayan shingen ƙaya, ta hanyar fadama, wani dogo siriri yana tahowa cikin farar riga. Kawalwalniya ta cinye ƙafafunsa, sai ka ce ba a ƙasa yake tafiya ba. Na san tafiyar nan. Na san yadda yake ɗan karkata wuya. Na karanta duk abin da ya zo bakina, kuma ba na jin na karanta shi daidai.

Tsohon ya bi idona da kallo, sai ya ɗaga murya ya kira wani suna dabam, wanda ban taɓa ji ba.

"Na'am, Baba!"

Tun kafin tsohon ya rufe baki ya amsa. A shekara biyu da na san yaron nan, ban taɓa jin ya amsa kira da sauri haka ba.

"Wanga ƙanenai na," in ji tsohon, yana sauke numfashi. "Shi ad da boko yanzu. Ko shi kaka biɗa?"

Yaron ya iso bakin shinge da kwandon albasa a ka. Ya gan ni, ya ga inda nake tsaye. Ya sauke kwandon a hankali ya durƙusa.

"Malam, sannu da zuwa," ya ce. "Ka gane shi ke nan."

A zauren gidansu na ji sauran labarin, daga bakin ubansa, wani manomi mai fara'a wanda bai ga abin ɓoyewa a ciki ba tunda dai na riga na zo. 'Ya'yansa maza biyu ne a jere, shekara ɗaya da 'yan watanni tsakaninsu. Babban ya ci jarrabawar shiga sakandare, shi kaɗai a garin a shekarar. Takardar kira ta iso bayan an yi sadakar bakwai ɗinsa. Hedimastan firamare na lokacin ya zo wannan zauren ya ce kada a bar gurbin ya lalace, ba a san ranar da garin zai sake samun wani ba. Ga ƙanensa nan, tsawonsu ɗaya, ba wanda zai tambaya. Har an riga an sayi akwatin ƙarfe an rubuta sunan babban da fenti. Sai aka ɗora wa ƙaramin akwatin a ka.

Na yi ta neman hanyar da zan shigo da maganar da ta kawo ni. Na ce yaron yana da ƙoƙari ƙwarai, bai kamata a tsayar da shi ba.

"Wa zai tsai da shi?" in ji uban, yana dariya. "Ni? Malam, ni ka roƙon shi shi tahi! An ce mani likita za ya zama. Ka gani, duk baƙin da yak karanta da sunan nan, ladan na iske wancan inda yake kwance. In yaz zama likita, duk wanda yaw warkar, sunan ɗana za a sa ma albarka. Mi yaf fi wannan? Shi na dai ka taurin kai."

Yaron yana zaune a bakin ƙofa, bai ɗaga kai ba.

Aka aiko da fura daga cikin gida. Can sai na ji muryar uwar yaron daga bayan katanga, ƙasa-ƙasa, tana gaishe ni da hanya. Na amsa. Har na ɗauka ta tafi, sai ta ce:

"Malam, shina lahiya can wurinku? Shina cin abinci?"

Na dubi yaron, ga shi zaune taku uku daga inda muryar take fitowa, ya kwana a gidan, da safe ma a nan ya karya. Na ce lafiya lau yake, Inna. Har yau ban san wanda ta tambaya ba.

Da la'asar ya rako ni wurin babur. Muka bi ta bayan gari, ya riƙa magana yana kallon gabansa, kamar ya daɗe da shirya ta.

Ya ce wansa ɗan fari ne, kuma kamar yadda aka saba, uwarsu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko ranar da ya rasu ba ta bari an ga hawayenta ba. Shi kuwa ƙaramin shi ne ɗan lelenta, da shi take hira, shi take tsokana. Ranar da ya ɗauki akwatin nan, ta sauke ido daga kansa. Ya dawo hutun farko da ɗoki, ta aiko masa da tuwo ta hannun ƙanwarsa. Tun daga ranar ba ta sake kiransa da kowane suna ba. Kunyar da take yi wa wancan ta dawo kansa.

"Malam, in na cika takardar nan, shi ke nan har abada. In na zama likita, wa yaz zama? In na yi aure, wa anka ɗaura ma? In na mutu, wa za a ce ya mutu? Shi an riga an yi mai salla."

Na ce masa akwai hanya. Ana zuwa kotu a yi rantsuwar canjin suna, a buga a jarida, takardunsa duka su bi shi. Ya tambaye ni me ake cewa a rantsuwar. Na ce mutum yana cewa ni wanda a da ake kira wane, daga yau a kira ni wane.

"To ai ƙarya ta. Ba ni anka yanka ma ragon nan ba. Nau ragon daban anka yanka. Kuma in na yi haka na gushe da sunanai ke nan, Baba ba ya yahe mani."

Muka iso tsamiyar. Tsohon ba ya nan, sai igiyarsa. Na hau babur, amma yaron ya riƙe kan babur ɗin.

"Akwai wani abu, Malam. Kada ka yi mani dariya."

Na ce ba ni da dariya a jikina yau.

"Ni can firamare ban iya lissahi ba. Kowa ya sani, bulala nika sha kullum. Shi ad da kai. Ranar da anka kira sunan nan cikin aji na amsa, malam ya rubuta lissahi ga allo, sai nig ga na sani. Wani lokaci cikin jarrabawa ina kallon hannuna shina rubutu, ban san inda za shi ba sai ya kai." Ya saki babur ɗin. "Ina son in san ko ni na iya wani abu."

Na yi masa bayanin da ya kamata malami ya yi. Na ce yara da yawa kansu yana buɗewa ne a makare, canjin makaranta da samun abinci sau uku suna taimakawa. Na yarda da abin da na faɗa, har yanzu ma na yarda. Amma a hanyar komawa ban waiga ba ko sau ɗaya, kuma ban san dalili ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. In na kai rahoto, doka a fili take: za a kore shi ana saura kaɗan jarrabawar ƙarshe, shekara biyar ta tafi a banza. In na yi shiru na matsa masa ya cika fom, na sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba, na kuma ɗaure shi da sunan da yake gudu. Na je wurin shugaban makaranta, wani dattijo da ya ga jiya ya ga yau, na fara da cewa, "Ranka ya daɗe, misali a ce akwai wani ɗalibi..." Ya ɗaga hannu.

"Malam, misalin nan naka, in na ji shi zai sa in buɗe fayil?"

Na ce wataƙila.

"To riƙe abinka. Ni shekarata talatin ina aikin nan, na san ba kowane yaro ne ya zo da sunan da aka raɗa masa ba. Ka je ka yi aikin da aka ba ka, ka ba da shawara."

Na koma na bi ƙa'idojin jarrabawa layi-layi, na sami abu ɗaya. Akwai jarrabawar 'yan waje da ake yi a ƙarshen shekara, wadda kowa zai iya zama da sunansa, ba a tambayar makarantar da ya fito. Da aka dawo hutu na kira shi na shimfiɗa masa komai, ban rage ba. In ya bi wannan hanya zai rasa shekara guda. Zai yi karatun a gida, ba malami, ba ɗakin gwaje-gwaje, ga aikin damina. Sikolashif ɗin da ake samu bana mai yiwuwa babu shi baɗi. Likitancin da ke hannunsa yanzu yana iya kuɓucewa, kuma ba na jin zai dawo. Na ce ni ba zan zaɓa masa ba. Gaskiya ma ina fatan ya ce zai ƙara tunani.

"Da sunana za su kira ni cikin ɗakin jarrabawa?"

"Da sunanka."

"Shi nika so."

Uban bai ji daɗi ba, amma ya sa sharaɗi ɗaya, cewa sai ya zauna jarrabawar makaranta tukuna. "Ka ƙarasa mai abin da ka fara mai," in ji shi. Yaron ya zauna ta. Fom ɗin share fage kuwa na mayar da shi cikin durowa ba a cika ba, malamai suka yi ta tambayata abin da ya faru, ina cewa matsalar gida ce. A ƙarshen shekara ya tafi Sakkwato ya zauna ta 'yan waje. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsanani, kuma yawancin abin da na ji tsoro game da tallafin karatu ya tabbata.

Sakamakon makaranta ne ya fara fitowa. Ba a taɓa samun irinsa a makarantar ba. Na 'yan waje ya zo daga baya: ya ci, ya sami kiredit ɗin da za su kai shi gaba, amma lissafi da ƙyar ya haye. Na lissafa wa kaina dalilai, kuma duk masu ƙarfi ne. Ya yi zazzaɓi a lokacin girbi, ya yi wata da watanni ba malami, yunwa ta yi yawa a shekarar. Na kawo masa su ɗaya bayan ɗaya ranar da ya zo nuna mini takardar. Ya saurare ni cikin ladabi, yana riƙe da takardar da hannu biyu, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ba komi, Malam. Wanga nawa na."

Bai zama likita ba. Ya shiga makarantar koyon aikin gona, ya zama malamin gona, ya yi aikinsa a ƙauyukan yankin har ya yi ritaya. Ko uwarsa ta dawo tana kiransa, ban sani ba, ban kuma ga fuskar tambaya ba.

A makarantarmu akwai wani allon katako a bangon babban zaure, inda ake rubuta sunan ɗalibin da ya fi kowa a kowace shekara. Shugaban makaranta ya sa aka kira mai fenti ya rubuta na shekarar nan. Ban hana ba, ban ma san da wane baki zan hana ba. Wata ranar kasuwar Boɗinga sai ga uban a ƙofar ofishina, ya kawo albasa ya sayar, ya ce an gaya masa an rubuta ɗansa a bango, yana so ya gani. Na kai shi. Zauren ba kowa, sai benci a jere. Ba ya karanta boko, don haka na sa yatsa a kan layin. Ya matso ya daɗe yana kallon farin fentin. Sai ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a gaban allon, ya ɗaga hannu ya fara addu'a, irin wadda ake yi a bakin kabari. Na tsaya a bayansa ban san abin yi ba. Daga ƙarshe ni ma na tuɓe nawa, na ce amin.

Da ya shafa ya miƙe, ya ce mini, "Ko ƙohwar makarantar ga bai taɓa gani ba. Ga shi ya hi kowa."

Na yi shekaru masu yawa bayan nan ina wannan aiki, kuma har yau in an tambaye ni ko shawarar da na ba yaron nan daidai ce, ba na iya cewa eh da ƙarfi. Jihar tana bukatar likitoci, kuma da ya yi kyau da aikin. Abin da na koya dai shi ne, mu masu ba da shawara muna saurin tambayar yaro inda za shi, alhali ba mu san wanda ke zaune a gabanmu ba, ba mu kuma san kayan wa ya ɗauko ba. Wani burin ubansa yake ɗauke da shi, wani na garinsu, wani na wanda ya riga ya kwanta dama. Makinsa ba zai gaya maka wannan ba, shirunsa ma kana iya yi masa fassarar da ba ita ba. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya zauna a bencina, ba na fara masa da maganar jami'a. Sai na tabbata shi ne yake son tafiyar, sannan mu duba hanya.